Taswirar Jikin Mota Ko Ta Aljihu: Wacce Ce Ja-gora A Gabas?

Hausawa sun ce baƙo makahon gari ne, ko da idanunsa biyu a buɗe suke. Duk direban da ya taɓa shiga Onitsha, wadda Hausawa suke kira Anaca, da jijjifin asuba ɗauke da lodin albasar Aliero, ya sami kansa a tsakiyar Upper Iweka, motoci gaba da baya, hanyoyi sun rarrabu ta ko'ina, ba ya bukatar a fassara masa wannan karin magana. Haka nan wanda ya shiga Fatakwal karon farko, ya hau gadar saman da bai kamata ya hau ba, ya hangi mararrabar da yake nema tana wucewa a ƙarƙashinsa, ba halin juyawa sai an yi tafiya mai nisa.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne da wata tambaya takan taso duk lokacin da ɗan kasuwa a unguwannin Hausawa na Fatakwal ko Anaca ko Inugu ya tara abin da ya tara zai sayi mota. Ga motoci biyu iri ɗaya, shekararsu ɗaya, amma guda tana da allo a gabanta, an kuwa ɗora mata kuɗi. Sai ka ji dillali yana cewa, "Alhaji, ranka ya daɗe, ai wannan ba sa'ar waccan ba ce. Dubi allonta. Da kanta take nuna maka hanya, ko ina ka nufa." To, shin wannan ƙarin kuɗi ya cancanta, ko kuwa wayar da ke aljihun Alhaji ta wadatar?

Amsar a taƙaice ita ce, darajar ja-gora tana ga sabuntar abin da ya sani, girman allonsa da kyansa ba su ne ma'auni ba. Amma ya kamata a bi maganar daki-daki, domin akwai dukiya a cikinta, akwai kuma rai.

TUN ZAMANIN FATAKE

Neman ja-gora ba sabon abu ba ne ga Bahaushe. A zamanin da fatake suke zuwa Gwanja sayen goro, ayari ba ya tashi sai da madugu, kuma madugu ba ya tafiya sai da jagaba a gaba, wanda ya san inda rijiya take, da mashigin kogi, da garin da sarkinsa yake karɓar fito mai tsanani. Ba a zaɓen jagaba don kyan rigarsa. Ana zaɓensa ne don ya bi hanyar bara, ya kuma ji labarinta na bana.

Da Turawa suka shimfiɗa dogo daga Fatakwal zuwa ma'adinan kwal na Inugu cikin 1916, kana aka gama gadar Makurɗi a kan Binuwai cikin 1932, sai jirgin ƙasa ya zama shi ne hanya, mutum ya shiga a Kano ko Jos ya sauka a Gabas ba tare da ya tambayi kowa ba. Zangunan Hausawa suka bunƙasa, har wani falken shanu mutumin ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Yau kuwa kusan komai ya koma kan kwalta. Shanu da awaki, da tumatir da tattasai, da wake da doya, duk a gingimari da tirela suke gangarowa, su ratsa Obollo Afor da Nine Mile, su sauke a Ugwuoba ko Lokpanta ko gindin gadar Anaca ko kasuwannin Diobu a Fatakwal. Daga Kano zuwa Fatakwal ya haura kilomita 1,000, kuma ɓatan hanya na sa'a uku da lodin tumatir a rana ba ƙaramar hasara ba ce.

ABU BIYU NE A CIKIN NA'URAR

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kowace na'urar nuna hanya, ta mota ce ko ta waya, aiki biyu take haɗawa. Na farko shi ne sanin inda mutum yake a doron ƙasa. Wannan daga sama yake zuwa, daga taurarin ɗan'adam na tsarin da ake kira GPS, waɗanda Ma'aikatar Tsaron Amurka ta fara harbawa cikin 1978, aka tabbatar da cikar aikinsu cikin 1995 da taurari 24, suna kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,000. Kowane tauraro yana sanar da inda yake da kuma lokaci daidai wa daida. In na'ura ta ji aƙalla huɗu daga cikinsu, sai ta auna jinkirin isowar saƙon kowanne, ta lissafa inda take. Da farko Amurka takan gurɓata saƙon da gangan ga farar hula, har kuskure ya kai mita 100, amma a watan Mayu na 2000 aka daina, kuskuren ya ragu zuwa 'yan mitoci. Rasha da Tarayyar Turai da Sin su ma kowacce ta kafa nata tsarin, kuma wayoyin zamani da yawa suna sauraren fiye da ɗaya. Wannan saƙo kyauta ne, ba ya cin kati, ba ya bukatar sabis, kuma yadda yake sauka a kan motar miliyoyi haka yake sauka a kan wayar mai shayi.

Aiki na biyu shi ne taswira, watau zanen tituna da sunayensu, da gadoji, da hanyar da ba a shiga sai ta gefe guda. Wannan kuwa mutane ne suke zana ta a ƙasa, su ajiye a cikin na'ura. Tauraro zai gaya wa na'ura cewa tana wuri kaza, amma in babu zanen wurin a cikinta, ba abin da za ta iya faɗa. A nan ne bambancin yake.

TA JIKIN MOTA

A yi mata adalci, taswirar jikin mota ta girmi ta waya, kuma tana da nata alheri. Kamfanin Honda na Japan ya fito da irinta ta farko cikin 1981, tun ba ta dogara da tauraro ba, kana Mazda ya sa mai aiki da tauraro a motarsa cikin 1990. Allonta yana da faɗi, yana daidai inda idon direba yake kaiwa. Ba ta neman caji, ba ta ɗaukar zafi ta mutu, kira ba ya katse ta, kuma ɓarawo ba ya miƙo hannu ta taga ya fizge ta. Har ila yau tana haɗe da ƙafafun mota, tana ƙirga juyawarsu, don haka ko saƙon tauraro ya yanke a ƙarƙashin gada, takan ci gaba da kintatar inda mota take. Ga mutumin da ya sayi motarsa sabuwa a ƙasar da aka zana wa taswirar, waɗannan abubuwa ne na a yaba.

Amma motocin da akasarin 'yan kasuwa suke saye a Nijeriya na hannu ne, waɗanda aka yi shekaru ana hawa a Amurka ko Turai kafin su sauka a tashar jirgin ruwa ta Legas ko ta Kwatano. Motar da aka ƙera don kasuwar Amurka, taswirar Amurka da maƙwabtanta aka sa mata, a wani faifai da ke ƙarƙashin kujera ko cikin but, ko kuwa a wani ɗan kati. In aka kunna ta a Diobu, abin da za a gani shi ne kibiya tana yawo a fili fetal, ba titi ba suna, ko kuwa wani garin Turawa inda mai ita na farko ya bar ta. Ta san kowane lungu na Texas, amma ba ta taɓa jin sunan Bida Road a Anaca ba, balle Owerri Road a Inugu. Sau da yawa kuma babu faifan Nijeriya da kamfanin ya taɓa yi wa wannan samfuri, balle a je Ikoku ko Mgbuka Obosi a nemo. Wani abin lura kuma, a waɗansu motocin ta wannan allo ake sarrafa na'urar sanyaya mota da rediyo, don haka ranar da ya lalace, gyaransa ya fi ƙarfin sayen sabuwar waya.

To, a ƙaddara ma an dace da mai taswirar Nijeriya. Yaushe aka zana ta? Biranen Gabas ba su tsaya suna jiran faifai ba. Tun daga 1965 gada ɗaya ce tak take haɗa Asaba da Anaca a kan Kogin Kwara, sai ran 23 ga Mayu, 2023 aka ƙaddamar da ta biyu, mai tsawon kilomita 1.6, wadda take fitar da mai zuwa Owerri da Fatakwal ta wajen Obosi ba tare da ya kutsa tsakiyar Anaca ba. Taswirar da aka zana kafin wannan, ruwa kawai take gani a wurin. A Fatakwal, tsakanin 2019 da 2023 gwamnatin Nyesom Wike ta gina gadojin sama fiye da goma, a wurare irin su Garrison da Rumuokoro da Rumuola, kuma kowace gada ta canja inda ake shiga da inda ake juyawa. A Inugu an rushe gine-ginen da ke kewayen Holy Ghost, aka gina sababbin tashoshin mota a nan da Gariki da Abakpa, aka buɗe su cikin 2025. Ja-goran da ya tsaya a kan ilmin shekara goma da suka wuce, da gabagaɗi zai kai mutum inda hanya ta riga ta toshe. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

TA ALJIHU

Kafin wayoyi su ƙwace fagen, an yi yayin waɗansu ƙananan na'urori na Garmin da TomTom da ake mannawa a gilashin gaba. Su ma ciwonsu ɗaya da ta jikin mota, sai an kai su ga kwamfuta an sabunta. Da wayar salula ta shigo Nijeriya cikin 2001, Google ya fito da taswirarsa cikin 2005, kana cikin 2009 ya fara ba da jagorancin murya kyauta a wayoyin Android, sai kasuwarsu ta ja baya. Cikin 2019 ma kamfanin ya ƙara wa Nijeriya hanyoyin masu babur da murya mai lafazin 'yan ƙasa.

Fifikon waya shi ne taswirarta ba a kulle take ba. Ana gyara ta kullum daga can inda take, sabuwar gada ta bayyana ba tare da mai waya ya biya ko kwabo ba, ban da kuɗin data. Tana kuma nuna cunkoso, domin tana lura da saurin tafiyar sauran wayoyin da ke kan titi, in suka tsaya cik sai layin ya yi ja. Mai fita daga Mile One zuwa mararrabar Eleme yana iya dubawa tun kafin ya tayar da mota. Kuma ga wani amfani da ya fi dacewa da zaman zango. Gidaje da rumfuna da yawa a unguwannin Hausawa ba su da lamba, kwatance ake yi da masallaci ko mai tsire ko famfo. Yanzu maigida a Ama Hausa yakan aika wa direbansa ainihin wurin da yake tsaye ta WhatsApp, direba ya taɓa, waya ta kawo shi har bakin rumfa. Allon tsohuwar mota ba shi da hanyar karɓar irin wannan saƙo.

Masu cewa waya ba ta da amfani inda babu sabis, sun faɗi rabin gaskiya. Tun daga 2015 ana iya sauke taswirar yanki guda a ajiye cikin waya, kuma tun da saƙon tauraro ba ya bukatar sabis, za ta ci gaba da jagoranci a dajin da ba a samun kira. Abin da za a rasa shi ne labarin cunkoso. Wannan dabara tana kuma rage cin data, wadda ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na 2025.

Ita ma tana da aibinta. In aka manna ta a gilashi rana ta buge ta, takan yi zafi ta daina aiki. Tana shan batir ƙwarai. A cunkoson kasuwa, wayar da ke kusa da buɗaɗɗiyar taga kiran ɓarawo take yi. Mafi muni kuwa shi ne direba ya riƙe ta a hannu yana danne-danne, ido ɗaya a titi ɗaya a allo. Wannan laifi ne mai tara a wurin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1988. Cikin 2019 an yi ce-ce-ku-ce a kan ko hukumar ta haramta amfani da taswira, ta fito ta bayyana cewa abin da ta hana shi ne sarrafa waya ana cikin tuƙi, don haka direba ya saita inda za shi kafin ya tashi. Maganin duk waɗannan mai araha ne: mariƙin waya a kafa shi inda rana ba ta dukansa, da caja mai kyau, da barin murya ta yi magana. A babbar mota kuwa yaron mota ya riƙe, maigidansa ya riƙe sitiyari.

Akwai kuma hanya ta tsakiya. Motocin da suka fito bayan 2015 da yawa suna da tsarin Apple CarPlay ko Android Auto, wanda yake ɗauko taswirar waya ya haska ta a allon mota. Haka nan masu wayarin a Anaca da Fatakwal suna cire tsohon allo su sa sabo ƙirar Sin mai aiki kamar waya. A duka biyun allon na mota ne, amma ilmin daga waya ko intanet yake zuwa. Su kansu masu ƙera motoci da suka buɗe wannan ƙofa, sun amsa ke nan cewa abin da ke aljihun direba ya fi nasu sabunta.

ABIN DA BABU WADDA TA SANI

Duk da haka, kuskure ne babba mutum ya miƙa wa waya wuyansa gaba ɗaya. Taswirar da ke wayoyin jama'a an tsara ta ne don ƙananan motoci. Ba ta tambayar nauyin lodi ko tsayin tirela, kuma burinta kullum ta rage minti. In ta ga layi ya yi ja a babbar hanya, sai ta ce a ratse ta wani lungu ko wani ƙauye, alhali ba ta san akwai kwalbatin da ba zai ɗauki buhu ɗari shida ba, ko wayar lantarki da ta yi ƙasa, ko matasan da suka gitta itace suna karɓar kuɗi. Ba ta gaya wa baƙon direba cewa gangaren Ugwu Onyeama, tsakanin Nine Mile da Inugu, wuri ne da ake sauka da ƙaramin giya, domin birki ya sha cin amanar manyan motoci a nan. Ba ta san cewa tsohuwar hanyar Milliken Hill mai lanƙwashe-lanƙwashe ba ta doguwar mota ba ce. Da ambaliya ta shafe hanyar Abuja zuwa Lakwaja a wajen Koton Karfe cikin Oktoba na 2022, motoci suka yi kwanaki a jere da kayan gwari suna ruɓewa, waɗanda suka tsira da lodinsu su ne waɗanda wani ɗan'uwa ya buga musu waya tun suna nesa.

Ba ta kuma san yanayin gari ba. Zaman gida na ranar Litinin da aka fara a jihohin Ibo cikin Agusta na 2021, ya ɗauki shekaru yana rufe kasuwanni, kuma a irin wannan rana taswira sai ta nuna titi kore shar, ba cunkoso ko kaɗan, alhali rashin motocin shi ne gargaɗin. A ƙarshen Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano don yin Salla a gida. Ba ɓata suka yi ba, a kan hanyar da aka saba bi suke. Allah ya ji ƙansu. Babu allon da yake nuna inda zukata suka tunzura ko inda jita-jita ta riga matafiyi isa. Wannan ilmi yana wurin mutane: Sarkin Hausawa da fadawansa, shugabannin ƙungiyar direbobi a tasha, 'yan kamasho, da direban da ya fito daga can jiya da dare. Su ne magadan jagaban fatake, kuma matambayi ba ya ɓata.

Saboda haka hukuncin a sarari yake. Mai sayen motar hannu kada ya ƙara ko naira ɗaya saboda taswirar jikinta, sai ya gwada ta da idonsa. Ya dubi dillali ya ce, "To, malam, kunna ta, ka nuna mini Bida Road, ka nuna mini sabuwar gada." In ta nuna, a yi ciniki. In kuwa kibiya ce take yawo a fili, to, allo kawai ake sayar masa, ya biya kuɗin allo, rarar kuma ya sa ta a taya da birki, waɗanda su ne suke mai da mutum gida. Mai halin sayen sabuwar mota ya tambayi ko allonta yana karɓar taswirar waya, wannan ya fi masa amfani nan da shekara biyar. Direban babbar mota kuwa ya sauke taswirar hanyarsa tun yana gida, ya yi amfani da ita a cikin gari don gane titi da mararraba, amma in ta ce ya bar babbar hanya ya ratsa daji don ya rage minti ashirin, ya tsaya ya kira wanda ya san wurin tukuna. Magabata sun riga sun yanke wannan shari'a tun kafin a harba tauraro, da suka ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin.